Amsa ga mai neman libarba mai sauƙin kuɗi don harbin nishaɗi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana son ƙaramar libarba mai cin harsashin .22, irin wadda sai ka ja hama, wato ɗan ƙarfen baya da ke kai duka idan an ja kunama, da babban yatsa kafin kowane harbi, don ka riƙa zuwa filin harbi ranar Asabar kana gwada saiti a takarda. Kuɗin da ka ware dala 300 ne, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Heritage Rough Rider da Ruger Wrangler. Shekara tara ke nan ina wannan harka a nan Teksas, na kuma riƙe dukkansu biyun, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin komai, duba takardunka. A dokar tarayya ta Amurka sai ka kai shekara 21 dillali mai lasisi zai sayar maka da bindigar hannu, za ka cike fom mai lamba 4473, sannan a bincika tarihinka. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asali an hana shi, sai da wasu sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Ina jaddada wannan ne saboda akwai ɗalibai da yawa a cikinmu, kuma kuskure a nan yana iya jawo wa mutum kora daga ƙasa. Kowace jiha ma tana da nata ƙarin.

To, ni Wrangler zan ce ka ɗauka, kuma dalilina yana cikin hanjin bindigar ne, wurin da ido ba ya gani a kanti.

Duk bindigogin nan kwaikwayon Colt ta shekarar 1873 ne, wadda kaboyi suka riƙe. Aibin tsohon tsarin shi ne, idan hama tana kwance a kan harsashi, bindigar ta faɗi ƙasa ta bugu ta baya, tana iya tashi da kanta. Shi ya sa mutanen da suke zuba harsashi biyar a silinda, wato gangar da ke juyawa da harsasai, mai rami shida, su bar ramin da ke ƙarƙashin hama fanko. A 1973 kamfanin Ruger ya sauya ƙirarsa, ya saka wani ɗan ƙarfe tsakanin hama da allurar da ke dukan harsashi. Ƙarfen nan ba ya ɗagowa sai an ja kunama har ƙarshe, in ba a ja ba, hama ba ta da hanyar isa ga allura. Wrangler, wadda ta fito a 2019 a kan dala 249, da wannan tsarin ta zo. Ita kuwa Rough Rider tana da wani ɗan maɓalli a hagun hama, kai ne za ka ɗaga shi ka sauke shi da hannunka. Yana aiki, amma ya dogara da tunawarka, kuma ɗan Adam ajizi ne. In ita ka saya, ka koyi zubi irin na da: saka ɗaya, tsallake ɗaya, saka huɗu, ka ja hama ka kwantar da ita a kan ramin da babu komai.

Wajen zuba harsashi ma akwai bambanci. A Wrangler ƙofar gefe kawai za ka buɗe, silinda ta juya, hama na kwance. A Rough Rider sai ka ja hama rabi tukuna. Ga sabon hannu, kowane motsi da aka rage masa alheri ne.

Ba na raina Rough Rider, wallahi. Ta fi arha, sau da yawa ƙasa da dala 200, kuma mutane da dama da ita suka koyi harbi. Abin da ke jan mutane gare ta shi ne wasu suna zuwa da silinda ta biyu mai cin .22 Magnum. Kada wannan ya ruɗe ka. Harsashin Magnum ya ninka na .22 LR, wato harsashin .22 na yau da kullum, tsada, ya fi ƙara, kuma takardar da ke yadi 15 ba ta san bambanci ba. Kuma kada ka kuskura ka saka .22 LR a silindar Magnum, ramin ya fi shi faɗi, kwanson yana iya tsagewa.

Abin da zai dame ka bayan wata uku shi ne saiti. Na Wrangler kafaffe ne, ɗan tsagi a baya da ɗan tsini a gaba, babu sukurun da za ka murɗa. Idan za ka iya ƙara kaɗan, nemi Super Wrangler da ta fito a 2023, kamfanin ya sa mata dala 329. Saitinta ana gyara shi sama da ƙasa, hagu da dama, jikinta ƙarfe ne maimakon alminiyon, bututunta inci biyar da rabi. Ga wanda idonsa ya fara gajiya irina, wannan ƙarin kuɗin halak ne. Single-Six ta Ruger, wadda ake ƙerawa tun 1953, ita ce uwarsu, sai dai kuɗinta ya ninka abin da ka ware.

Batun ta hannu kuwa, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ka yi hattara. Libarbata ta farko a wata kasuwar baje kolin bindigogi na saye ta, don na ga arha. Ashe raminta ba ya daidaita da bututu, duk harbi sai ɓurɓushin dalma ya fantsamo ta gefe, har ya sami kuncin wanda ke kusa da ni. Allah ya kiyaye yana sanye da tabarau. Kuɗin gyara ya fi kuɗin saye. Idan dole sai ta hannu, a tabbatar babu harsashi, ka ja hama a hankali a kan kowane rami ka ji ko silinda ta kulle gam, sannan ka leƙa bakin ramukan. In ka ga an lotsa su, an yi ta harba ta babu harsashi ne, ka bar musu kayarsu.

Ragowar kuɗinka ka sayi abin toshe kunne, da tabarau, da akwati mai makulli tunda ka ce akwai yara a gida. Harsashi kuma fara da CCI Standard Velocity, bai cika ƙin tashi ba. In ɗaya ya ƙi tashi, kada ka buɗe nan take, bar bakin bindiga yana kallon takarda, ka ƙirga talatin. Da ka dawo gida ka wanke hannu da sabulu sosai kafin ka sa shi a tuwo ko ka ɗauki yaro, saboda dalma.

Idan kana kusa da Dalas, yi mini magana ta gefe. Asabar mai zuwa in sha Allahu zan je fili da safe, sai ka harba tawa ka ji yadda take zama a hannunka kafin ka fitar da ko sisi.