Da gaske Singafo daga babu ta tashi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Duk lokacin da muka zauna hirar mulki a majalisarmu sai wani abokinmu ya kawo zancen Singafo, wai ba ta da fetur, ba ta da gona, amma ta fi Turawan da suka mulke ta arziki. A ina ƙasar take, kuma da gaske daga babu ta tashi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya, amma ya ƙara mata gishiri.

Singafo tsibiri ne a ƙarshen kudancin Malesiya, dab da Indunusiya. Duk faɗinta kusan murabba'in kilomita 735 ne, wato jihar Legas, wadda ta fi kowace jiha ƙanƙanta a Najeriya, ta ninka ta sau huɗu da ɗoriya. Mutum kusan miliyan 6 ne a ciki. Kashi uku cikin huɗu na 'yan ƙasar Sinawa ne, sai Malayawa waɗanda galibi Musulmi ne, sai Indiyawa. Fetur babu, gona babu, wannan haka yake. Abin da ake mantawa shi ne mazauninta. Tana bakin mashigin Malakka, ƙunƙuntar hanyar ruwan da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai, ƙasashen Larabawa da Sin suke bi. Ka ɗauke ta kamar zango a kan hanyar fatake: ko garin bai noma komai ba, ayari zai sauka ya sha ruwa, ya sauya kaya, ya biya dillali.

Wannan ne wani jami'in Birtaniya, Stamford Raffles, ya hango a 1819 da ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Johor, masarautar da ke kudancin Malesiya ta yau, ya buɗe tashar jiragen ruwa wadda ba a biyan kuɗin fito. 'Yan kasuwa suka yi ta kwarara, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869. Kafin Japan ta ƙwace tsibirin a Fabrairun 1942, ya riga ya zama babbar kasuwar roba da kuza, mai bankuna da ma'aikatun gyaran jirage. Saboda haka in aka ce maka ƙauyen masunta Lee Kuan Yew, firaministanta na farko, ya gada a 1959, kada ka yarda. Birni ya gada, mai cunkoso, rashin aikin yi da unguwannin 'yan share-wuri-zauna.

'Yancinta ma ba nemansa ta yi ba. Ta shiga tarayyar Malesiya a 1963, zaman bai yi daɗi ba. A Yulin 1964 rikici ya ɓarke tsakanin Malayawa da Sinawa ana tsakiyar zagayen Maulidi, aka yi asarar rayuka. Ran 9 ga Agusta, 1965 aka raba gari, Lee ya yi hawaye a gaban kyamarar talabijin. Abin kuka ne kuwa: ruwan sha daga Malesiya yake zuwa ta bututu, sojojin Birtaniya da sansanoninsu ke ciyar da dubban iyalai ba da daɗewa ba suka fara shirin tattara komatsansu, suka kuma tafi a 1971.

Abin da suka yi a wannan tsakanin da bayansa shi ne ya cancanci yabo. A zamanin da sababbin ƙasashe ke ɗari-ɗari da kamfanonin waje, su lallashinsu suka yi. Ministan kuɗi Goh Keng Swee ya sa aka cike fadamar Jurong aka yi unguwar masana'antu, mutane suna yi masa dariya don da farko fili ne kawai ba kowa. Sannu a hankali masu haɗa kayan lantarki na Amurka da Japan suka zo. Shell ta buɗe matatar mai a 1961, yau ƙasar da ba ta haƙo ko ɗigo ɗaya tana cikin manyan cibiyoyin tace mai da cinikinsa a duniya. Tasharta ce ta biyu wajen sauke kwantena bayan ta Shanghai. In an raba arzikin ƙasar kan kowa, a 1965 mutum zai tashi da kusan dala 500 a shekara. Yanzu ya haura dala 80,000.

Ni abin da ya fi burge ni gidaje ne. Ana cire wa kowane ma'aikaci ɗan ƙasa wani kaso na albashi a zuba masa a asusun dole, da shi yake sayen gidan bene da gwamnati ta gina. Kusan mutum 8 cikin 10 na 'yan ƙasar a irin gidajen suke. Tun 1989 kuma an ƙayyade adadin kowace ƙabila a kowane bene, don kada a sake samun unguwar Sinawa zalla ko ta Malayawa zalla. Cin hanci ma ba sani ba sabo: a 2024 aka ɗaure tsohon ministan sufuri S. Iswaran shekara guda saboda karɓar kyaututtuka.

Sai dai masu hirar majalisa ba su cika faɗin kuɗin da aka biya ba. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki tun 1959. Ɗan adawa Chia Thye Poh ya shafe shekara 23 a tsare ba tare da shari'a ba. Ana rataye masu safarar ƙwaya, ana yin bulala, baƙin leburori daga Bangladash da Indiya da ke gina benayen kuma a ɗakunan kwana na gayya suke zaune. Sannan mulkin birni guda, inda minista zai zaga ƙasarsa kafin azahar, daban yake da mulkin ƙasa mai jihohi 36.

Kuma ba ta yi mana nisa yadda kake zato ba. Kamfanin Olam mai sayen riɗi a wurinmu a Najeriya aka kafa shi a 1989, daga baya ya mayar da hedikwatarsa Singafo, shi ma Tolaram mai hannu a yin taliyar Indomie a nan hedikwatarsa a can take.

Har gobe ƙasa da ruwa ne ciwon kansu. A farkon shekarun 1960 faɗin tsibirin bai wuce murabba'in kilomita 582 ba, ƙarin duk cike teku aka yi, da ƙasar tuddai da yashin da aka sayo, har Indunusiya ta hana sayar musu a 2007. Ruwa kuwa suna tace na teku da na bahaya su mai da shi na sha, domin yarjejeniyar da ke ba su damar jan ruwan kogin Johor za ta ƙare a 2061.