Kwat ɗin kakanka: fara da maɓallan

Ɗan'uwa daga Tawa, ka ce kun ciro wata kwat ta ulu mai nauyi daga akwatin marigayi kakanka, a gida ana cewa ta makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr da ke Faransa ce, kana son tabbaci. Allah ya jiƙan tsoho.

Kafin ka bi zancen gida, goge maɓalli ɗaya ka duba shi a rana. In anga ce a kai, irin ta jirgin ruwa, to alamar sojojin mulkin mallaka na Faransa ce, inda akasarin kakanninmu da suka yi soja suka yi aiki. A nan ni hankalina ya fi karkata ga Fréjus, kudancin Faransa, inda aka horas da hafsoshin Afirka a shekarun 1950. Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, ma can ya bi, bayan makarantun Kati a Mali da Saint-Louis a Senegal. Gaskiya ƴan ƙasarmu da suka shiga Saint-Cyr kafin 1960 ba su da yawa, sunanta ne kawai ya fi fita, shi ya sa kowace kwat ake jingina mata. Kayan bikin Saint-Cyr kuwa riga shuɗiya ce mai duhu da jan wando.

Juya kwat ɗin, ka leƙa shafin ciki wajen aljihu. Sau da yawa akwai hatimin tawada mai shekara da awo, wani lokaci da lambar sojan da aka rubuta da hannu. In kun samu littafinsa na soja, gwada lambobin biyu.

Don Allah kada a kai ta wanki. Kakkaɓe ta, ka shanya a inuwa, ka sa kafur saboda asu. Turo hoton maɓallin, gaba da baya.