Ga ƙanenmu mai son koyon tuƙin jirgi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi. Ka ce kana da ɗan albashi da abin da ka tara, kana son sanin ko za su kai ka ga lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama, wanda ake kira PPL, daga baya ka riƙa haya kana tashi don nishaɗi. Wannan ciwon na san shi, shi ya cinye mini ƙuruciya.

Don girman Allah kada ka miƙa wa kowa kuɗin karatun nan a dunƙule. Ni wani dillali ne ɗan garin nan namu na Sakkwato, wanda muke haɗa sahu da shi a masallaci, ya ce zai sama mini makaranta a Afirka ta Kudu, wai in aka biya gaba ɗaya akwai ragi. Baba ya sayar da fadamarsa ta albasa a wajen Kware, muka damƙa wa mutumin nan. Na isa can na tarar yawancin jiragen makarantar suna ajiye suna jiran kayan gyara, ɗalibai na rububin wanda ya rage. Sai ka yi sati ba ka tashi ba, kuɗin masauki da na abinci kuwa suna ta tafiya.

Ban jima da yin solo ba, ina cikin murnar na ɗaga jirgi na sauke shi ni kaɗai, aka kira ni ofis aka ce asusuna ya ƙare. Na ce ina, ai an biya duka. Matar ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ashe ko rabi dillalin bai tura ba. Na fita na zauna gindin shingen filin ina kiran wayarsa, tana shiga ba ya ɗauka, daga baya ya kashe ta. Ina kallon jirgin da na tuƙa yana tashi da wani ɗalibi. Da na dawo gida Baba yana zaure, bai tambaye ni komai ba, cewa kawai ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin nan har yau ina gamuwa da shi wajen ɗaurin aure, da babbar rigarsa, ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Na bar shi da Allah.

Ka fara da gwajin lafiya wajen likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi, kafin ka kashe ko sisi a makaranta. PPL takardar lafiya aji na 2 take bukata, amma in kana da burin aikin kamfani ka yi aji na 1 tun yanzu. Matsalar bambance launi kaɗai tana iya tsayar da mutum.

Awa 40 ta tashi da kake ji ana faɗa kafin a ba da PPL mafi ƙaranci ce, akasarin ɗalibai suna wuce ta. In kuɗi suka yanke maka a tsakiya, hannunka zai yi sanyi, ka dawo kana biyan darasin da ka riga ka biya. Gara ka jinkirta har abin da zai kai ka ƙarshe ya taru, sannan ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, kai da kanka, da rasit. Kuma komai na jirgi da dala ake lissafa shi. A Amurka awa ɗaya a ƙaramin jirgi Cessna 172 takan kai dala 150 zuwa 200, ban da ladan malami. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ka buga da kanka.

Ga Zariya nan, kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa tun 1964, ga ta Ilori. A Zariya akwai ƙaramin jirgi Diamond DA40 mai shan man manyan jirage, wanda ya fi abgas, wato fetur ɗin ƙananan jirage, sauƙin samu a ƙasar nan. Ko'ina za ka je, ka tambayi ɗalibai a ɗakin kwanansu jirage nawa ke tashi kuma malamai nawa ne. Ka lissafa da hunturu ma, don in hazo ya sauko ba a hangen kilomita 5, ɗalibi yana ƙasa.

Maganar haya kuwa ita ta fi ci mini rai. Shekarun nan duka a filin jirgin Sultan Abubakar III jiragen fasinja da na alhazai da na manya nake gani, ban ga ƙaramin da talaka mai lasisi zai karɓa na awa ɗaya ba. Ga doka ta ce kafin ka ɗauki ko ƙanenka, sai ka tashi ka sauka sau 3 a cikin kwana 90 da suka wuce. PPL kuma ba ta yarje maka karɓar kuɗin kowa ba. Wai a duk masu halin Sakkwato da Kabi da Zamfara babu waɗanda za su yi karo-karo su sayi Cessna ɗaya, su ɗauki injiniya, yaranmu su riƙa samun awa da rahusa? A wasu ƙasashen haka ƙungiyoyin matuƙa suke yi, suna raba inshora da kuɗin gyara.

In makaranta ta ba ka takardar farashi, ka duba ko da mai aka ƙidaya awar, da kuɗin sauka da na jarrabawa. Ka turo mini ita ta akwatin saƙo mu duba tare kafin ka fitar da kuɗi. Ka gaida su Baba.