Tambaya da Amsa: Yaro mai raunin gani da WAEC

Tambaya: Ɗana yana SS3, ba ya ganin ƙananan rubutu. Me zan yi kafin WAEC? Daga wata uwa, Agege.

Amsa: Hajiya, a wajen rajista ake gyara wannan. Ki karɓo takardar likitan ido, ki kai wa shugaban makaranta, a cike gurbin masu buƙata ta musamman a fom ɗinsa. Da wannan WAEC ke tanadar masa takarda mai manyan haruffa da ƙarin lokaci. Mai shigar da sunaye a kwamfuta na iya tsallake gurbin don sauri, sai ranar jarrabawa a buɗe ambulan, babu tasa. Ki ce a nuna miki takardar rajistar, ki duba da idonki. In an yi kuskure, makaranta ta rubuta wa ofishin WAEC tun da wuri.