Tambayoyinku: Me ya haɗa laimar kwaɗi da dolfin?

Tambaya: Malam, malaminmu na Bayoloji ya ba mu aikin gida, wai mu kwatanta laimar kwaɗin da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace da dolfin da ke dab da ƙarewa. Ni dai ban ga ta inda suka haɗu ba. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminku ba wasa yake ba. A wajen masana, laimar kwaɗi ta fi kusa da dabbobi a dangantaka fiye da tsirrai, domin ba ta haɗa abincinta da hasken rana, ci take yi. Abin da kike gani manne a kututture 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikinta siraran zaruruwa ne da suka ratsa cikin itacen, suna narkar da sinadarin lignin mai sa itace tauri, aikin da ba kowace halitta ke iyawa ba.

Idan za ki bi tawa, gina amsarki a kan haihuwa. Nau'in laimar kwaɗi mai suna Ganoderma, wanda ke fitowa kamar faranti a gindin bishiya, yana watsa ƙurar iri biliyoyi a rana guda. Dolfin kuwa, duk da a ruwa take rayuwa, ba kifi ba ce, tana shaƙar iska tana shayarwa kamar ayu. Takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, sannan ta ɗau shekaru kafin ta sake.

Ki ɗauki misali da dolfin mai doro ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma, Sousa teuszii. A 1892 aka fara bayaninta, daga wani ƙoƙon kai da aka samu a Kamaru. Tana zaune a ruwa marar zurfi daga Yammacin Sahara har Angola, wato daidai inda masunta ke kafa ragarsu. Da ta sarƙe, ba ta da halin tasowa ta ja numfashi, sai ta nutse. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar IUCN mai kare halittu a duniya ta sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa, kuma ana ƙiyasin duka-duka ba su kai 3,000 ba. Uwa ɗaya ta mutu a raga, an yi asarar haihuwar shekaru.

Amma kar ki rubuta cewa laimar kwaɗi ta fi ƙarfin ƙarewa, malamin zai rage miki maki. Akwai nau'in Bridgeoporus a jihohin Oregon da Washington na Amurka da ba ya fitowa sai a manyan tsofaffin bishiyoyi, kuma sare irin waɗannan bishiyoyi ya sa shi ma ya shiga jerin IUCN.