Mu 22 za mu ci abinci a sabon otal, me ya kamata in shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 22 ne, 'yan aji ɗaya tun a sakandare, mun yi karo-karo za mu haɗu a Abuja mu ci abincin dare tare. Wasunmu sun nace sai ɗakin cin abinci na wani otal da bai fi wata guda da buɗewa ba, saboda hotunansa da suka gani a Instagram. Ni aka ɗora wa shirin, kuɗin jama'a kuma a hannuna suke. Mu je, ko mu nemi wurin da ya daɗe? In za mu je, me zan yi don kada in ji kunya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku je abinku. Sai dai kada ku shiga yadda mutum biyu ke shiga, a miƙo takardar abinci kowa ya zaɓi abin da ransa ke so. A nan ake samun ɓacin rai, kuma sau da yawa laifin ba na hannun kuku ba ne.

Bari in gaya miki yadda aiki ke tafiya a bayan ƙofar kicin. An raba shi ne kashi-kashi: ga mai gashi, ga mai miya, ga mai shinkafa da taliya, ga mai salak da kayan sanyi, babban kuku kuma yana tsaye a bakin taga yana tabbatar da farantan teburi ɗaya sun fita tare. A wurin da ya daɗe, waɗannan mutane sun san hannun juna. Mai kifi ya san lokacin da zai ɗora nasa don ya sauko tare da kazar abokin aikinsa. A sabon wuri, ko da kowannensu gwani ne, ba su gama sabawa ba. Ba su gama sanin murhun da ya fi wuta ba, mai sito bai san abin da zai fi fita ba, masu kawo abinci kuma da yawansu sababbin hannu ne. To, ki jefa musu oda 22 mai abinci kala goma sha wani abu a lokaci guda. Ta farko za ta cinye nata ta wanke hannu, ta ƙarshe tana nan tana kurɓar ruwa, naman da aka gasa da wuri kuma ya huce yana jiran kifi.

Maganin wannan a hannunki yake. Ki je da ƙafarki, aƙalla mako guda kafin ranar, ki nemi manajan sashen abinci, ba wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi ba. Ku tsayar da abinci kala biyu ko uku kacal, ki saka su a zaurenku na WhatsApp kowa ta zaɓa, ki aika musu da lissafin saura kwana biyu. In son samu ne ma, a zubo a manyan tire a jera tsakiyar teburi kowa ta ɗiba. Ni wannan na fi so wa taron tsofaffin ƙawaye, don hira ba ta yankewa, kicin kuma ba ya rikicewa.

Gani ya kori ji. Ranar da kika je, ki zauna ki ci, kuma ki daidaita ta da ranar taronku: in daren Asabar za ku yi, kada ki gwada su da azahar ɗin Talata lokacin da wurin ba kowa. Ki duba agogo daga lokacin da kika ba da oda. Ki lura sau nawa aka ce miki "wannan babu yau". Ki leƙa banɗaki, ki tambayi inda ake salla.

In bufe suka ba ki shawara, wato abincin da ake jerawa a manyan kwanuka kowa ya je ya zuba da kansa, ki ƙara buɗe ido. Sabon wuri bai cika samun jama'a ba, saboda haka abinci kan daɗe a cikin kwanukan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Ba sai kin riƙe ma'auni ba. Ɗaga murfin: tururi ya taso? Leƙa ƙarƙashi: wutar tana ci ko ta mutu ba wanda ya kula? Shinkafar da ta yi ɗumi-ɗumi da salak mai mayonis da aka bari ba ƙanƙara su ne suka fi sa ni fargaba. Ki tambayi ƙarfe nawa ake fito da abincin, ku iso a kan lokacin.

Sai batun halal, tunda Abuja ce, otal da yawa suna da mashaya kuma suna dafa abincin ƙasashen waje. Kada ki tsaya a kan "babu naman alade". Wasu miyun Turawa da giya ake haɗa su, haka wasu kayan zaƙi irin su tiramisu da kek ɗin black forest, waɗanda sau da yawa akan sa musu barasa. Tambayi kukun da kansa: ina suke sayen nama, waye ke yankawa, a kan ƙarfe ɗaya ake gasa komai? Kukun kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Ki kuma tambayi ƙawayenki ko akwai wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa, don yajin tsire da ƙuliƙuli ake yinsa, da masu ciwon suga ko hawan jini, a gaya wa kicin tun da wuri.

Yanzu kuɗi, inda amanar take. Farashin da ke kan takarda ba lallai ne shi za ki biya ba. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, otal da dama kuma sukan ɗora kuɗin hidima, galibi kashi 10. A ce an yi miki kai ɗaya naira 15,000. Ke kin lissafa 330,000, sai takarda ta zo da 387,750, ba a ma sa ruwan gora da lemo ba, waɗanda su ne ke kumbura lissafi a ɓoye. Don haka ki ce a rubuta miki jimillar kuɗin da komai a ciki, da sa hannun manaja, sannan ki ba da kafin alƙalami ki karɓi rasit. A rubuta har da abin sha nawa kowa za ta samu, da ko za a caje ku in kun zo da kek daga waje. Ki gaya wa masu hidima cewa duk wani ƙari daga bakinki kaɗai zai fito.

Kada kuma ki ba su adadin 22 cif. Taron zumunci ba ya rasa mai uzuri a ranar, otal kuwa adadin da kika tabbatar shi zai caje ki. Ki ce 20, ki tambaya ko za su iya ɗaukar ƙarin biyu ko uku a kan farashin nan.

Sabon wuri yana da daɗinsa. Suna neman suna, taro irin naku kuma talla ce gare su, don haka ki nemi ragi ko keɓaɓɓen ɗaki nesa da mashaya, da wuya su hana. Amma in manajan ya ƙi rubuta komai, ya ce miki "Hajiya, ku dai zo kawai, komai akwai", ki yi masa godiya ki kai kuɗin ƙawayenki wani wurin.