Ku Tambayi Anti Nas: Lilo ya juya min ciki a gaban 'ya'yana

Assalamu alaikum jama'ar zango, barkanmu da shan ruwa tunda ban samu na yi muku ba a fitowar da ta wuce. Wannan karon kamar kun haɗa baki, saƙo bayan saƙo duk maganar lilo ce da juwa da amai, to na ɗebo huɗu, sauran ku duba amsarku na ciki.

Tambaya: Anti Nas barka da Sallah. Dan Allah ki min bayani don har yanzu kunya nake ji. Washegarin Sallah na kwashi yarana uku muka je wani wajen wasa da aka kafa lilo kala-kala nan Akra, kafin mu fita kuwa na zauna na ci wakye na ƙoshi, da shito da taliya da ƙwai har da wele. Yaran suka matsa sai na hau wani mai kujeru kamar kofin shayi, kofin na juyawa faifan da yake kai shi ma yana juyawa, ko minti biyu ba a yi ba na fara hamma, gumi mai sanyi ya keto min, yawu ya cika min baki, ina ta ɗaga wa yaron da ke kan injin hannu shi kuma ya ɗauka daɗi nake ji har yana ɗago min nasa. Ana tsayawa ko leda ban samu ba, a kan sabon leshina komai ya dawo. Yaran ko a jikinsu, dariya ma suke. Uwar mijina ta ce iska na gamu da ita a wajen, ƙawata ta ce ciki ne. Ni kuma ina yarinya babu lilon da ban hau ba. Ga shi a Disamba maigida zai kai mu Dubai, yaran har sun gama lissafin abin da za mu hau. Daga Maman uku, Nima.

Amsa: Maman uku sannu, Allah ya mayar da leshi. Ki gaida min Hajiya ki ce mata ta kwantar da hankali babu wata iska, kunnenki ne da idonki suka yi faɗa ciki ya sha duka.

Kin ga can cikin kunne, nesa da inda tsinken auduga ke kaiwa, akwai wasu 'yan bututu guda uku a kowane ɓangare, a lanƙwashe suke kuma cike da ruwa, kowanne da fuskar da ya kalla, shi ya sa ko gyaɗa kai kika yi ko girgizawa ko karkatawa akwai wanda zai kai wa ƙwaƙwalwa labari. Kusa da su akwai 'yan jaka biyu masu ɗauke da ƙwayoyin dutse irin na alli, sun fi yashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ne ke faɗa miki ina ne ƙasa ko da idonki a rufe, su ne kuma ke jin mota ta figa ko ta taka birki. To ki tuna in kina dama fura, ki juya ludayi da ƙarfi sannan ki zare shi, ai furar ba ta tsayawa nan take, sai ta ci gaba da zagaye ƙwaryar ita kaɗai. Haka ruwan kunnen nan yake yi. Kofi ya tsaya, ido ya ce mun tsaya, kunne ya ce ƙarya ne muna tafiya. Naki ma ya fi muni don juyi biyu ne a haɗe, kuma na rantse ko ban gani ba kina ta waige-waige kina duba yaran, to juya kai ana cikin juyi shi ne ya fi komai saurin tada zuciya, don ruwan bututun da yake kwance sai ya tashi, wanda yake tafiya ya tsaya, labari uku ya isa ƙwaƙwalwa lokaci ɗaya kuma babu wanda ya yi daidai da abin da ido ke gani.

Me ya haɗa wannan da ciki? Wani masani a Ingila mai suna Michel Treisman ya kawo hasashe a 1977 cewa ƙwaƙwalwa in ta ga gaɓoɓi na kawo mata labari mai karo da juna sai ta ɗauka guba aka ci, don guba ma haka take rikita mutum, sai ta ba da umarni a zubar da abin da ke ciki. Hasashe ne fa, amma ni yana kwanta min, wato jikinki ƙoƙarin cetonki yake daga wakyen da bai yi laifin komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne mutanen da wannan sashe na kunnensu ya mutu gaba ɗaya ba sa irin wannan amai ko a teku. Kuma kin taɓa ganin direban trotro ya yi amai a hawan Aburi? Sai dai fasinjan kujerar baya da ya dunƙufa kan waya. Direba ya san kwana na zuwa kafin ta zo, jikinsa ya shirya.

Maganar ƙawarki kar ki yar da ita duka, mai juna biyu da mai al'ada da mai ciwon ɓarin kai sun fi saurin kamuwa, kuma mata gaba ɗaya mun fi maza, to in wata ya yi miki latti ki yi gwaji tun kafin a sayi tikiti, don mai ciki ba ta hawa waɗannan abubuwa sam. Zancen kina yarinya kina hawa kuwa, sabo ne ya gudu. Jiki na koyon motsi in ana maimaita masa, yana kuma mantawa in aka daina, ki tambayi masuntan Chorkor yadda sabon yaro ke yi a kwanakinsa na farko cikin kwalekwale. Su 'yan sama jannati ma da duk horon da suke sha da yawansu sai sun yi kwana biyu uku suna fama kafin jiki ya saba.

Yanzu Dubai. Kar tsayin abu ko ihun mutane ya zama ma'auninki, ki tsaya ƙasa ki kalli zagaye ɗaya tukuna. Abokan gabarki su ne masu juyi a wuri ɗaya, da lilon nan mai siffar jirgin ruwa mai kai da komo, da waɗanda ake shiga ɗaki mai duhu a sa miki tabarau kujera na girgiza allo na nuna kina faɗawa rami. Mai gudu a kan dogo sau da yawa ya fi sauƙi ga mai irin cikinki, don kina ganin hanya a gabanki kuma kafin zuciya ta gama tashi an sauka. A Abu Dabi akwai wani mai gudu a kan dogo da ake kira Formula Rossa da aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5 har sai an sa wa mutum gilashin kare ido, amma ni da a ce dole in zaɓa tsakaninsa da kofin shayinki shi zan hau. A Amurka kuwa wajen wasan Disney na Fulorida akwai Mission: SPACE da aka buɗe 2003, mai juya mutane cikin akwati, har jakar amai suke ajiyewa a gaban kujera, a 2006 sai da suka fito da samfurin da ba ya juyi. Kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Ranar da za ku je ki ci abu mara nauyi, koko da biredi ko shayi da biskit, ki bar kamar awa biyu ta wuce. Kar kuma ki ce za ki je da yunwa don gudun amai, kumallo za ki yi mai ɗaci kuma ya fi wahala. Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. In kin zauna ki manna ƙeyarki da kujera, ido a gaba, waya cikin jaka, bidiyon nan da ake ɗauka don sitatus shi ke tada wa mutane da yawa zuciya. Kujerar tsakiya ta fi, musamman a jirgin ruwan, don gefe-gefen ne ke tashi sama sosai. Kuma abin taruwa yake yi, na farko lafiya na biyu lafiya na uku ya kwance miki zani a kasuwa, to da kin ji hamma ko yawu ko gumin nan mai sanyi ki nemi inuwa ki zauna ki yi ta jan numfashi a hankali, ki riƙe wa yara jakunkuna, ai shi ma aiki ne.

Magani akwai, amma kafin a hau ake sha, in zuciya ta riga ta tashi ciki ya daina tura abu gaba, ƙwayar sai ta zauna ko ta dawo. Stugeron ana shansa awa 2 kafin, Kwells kamar minti 30, Avomine kuma wasu tun dare suke sha don yana da nauyi. Dukansu suna sa barci, wanda ya sha ba ya tuƙi, kuma ki gwada a gida wata rana tukuna kar ki biya kuɗin shiga mai tsada ki ƙare da minshari a benci. Mai hawan jinin ido da dattijo mai wahalar fitsari su nisanci Kwells. Maganin atishawa irin su cetirizine da loratadine ba sa wannan aikin, kar wani a shagon magani ya ce miki duk ɗaya ne. Citta kuwa binciken ya rabu, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba, ni dai ba na tafiya Kumasi babu alewar citta a jakata, in lamurji ne ma ki sha abinki ba zai cuce ki ba.

Tambaya: Anti ni ba amai ne matsalata ba. Na je Johanasbag sayen kaya abokai suka ja ni wajen wasa, muka hau wani da ke faɗowa daga sama, daidai lokacin da ya kai ƙasa zai miƙe sai na ga gari ya yi toka-toka ya koma duhu kamar an ɗauke wuta, kunnena na ji amma ba na gani, can sai ya dawo. Shekarata 27 kuma ina buga ƙwallo. Daga wani ɗanki a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗana wannan ba faɗan kunne da ido ba ne, jini ne. A gindin gangaren nan nauyinka yana ninkawa sau uku huɗu ko fiye na 'yan daƙiƙu, jini ya zube ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi sama da sauri, kuma ido ne ke fara jin ƙarancin kafin ƙwaƙwalwa, shi ya sa kana ji ba ka gani. Matuƙa jiragen yaƙi sun san shi sarai. Yunwa da ƙishirwa da tsayuwa a layi cikin rana su ke ƙara shi, don haka masu Sitta Shawwal ku bari sai kun gama. Nan gaba ka sha ruwa, in an zo gangaren ka ɗaure cinyoyi da ciki kamar mai shirin ɗaga buhun masara, kana numfashi. In kuma suma ka yi gaba ɗaya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko zuciya ta yi ta bugawa ba tsari, ko a danginku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi yana matashi, ka je asibitin Komfo Anokye a duba zuciyar kafin ka sake hawa komai, buga ƙwallo ba shaida ba ce.

Tambaya: Hajiya ɗana ɗan shekara 8 duk lilon da ya hau sai ya yi amai, ƙanwarsa kuwa ko gezau. Na ce sai ya yi ta hawa har ya zama namiji, uwarsa ta ce zalunci ne. Ki raba mu. Daga Baban yara, Madina.

Amsa: Alhaji na raba, uwarsa ta fi ka gaskiya. Daga shekara 6 zuwa 12 ne abin ya fi kama yara, kuma yana bin jini, ka bincika ko kai ko ita wani ya sha yin amai a leda a motar Tamale yana ƙarami. Sabo gaskiya ne amma da kaɗan-kaɗan ake yinsa, a sauka tun zuciya ba ta tashi ba. In kana tura shi har sai ya yi amai, abin da zai koya shi ne da ya hango lilo ko ya ji warin fetur cikinsa ya fara juyawa. Kar kuma a gutsura masa ƙwayar manya, a je famasi a faɗi shekarunsa.

Tambaya: Anti yau kwana biyar da na hau lilo mai wujijjiga, amai ya wuce tun ranar, amma duk na yi sujada ko na juya a gado sai ɗaki ya zagaya da ni kamar rabin minti sannan ya lafa. Daga ƙanwarki a Fadama.

Amsa: Ƙanwata juwar lilo ba ta kwana biyar, awa kaɗan ce ko ta kai washegari. Yadda kika kwatanta ya yi kama da ƙwayoyin allin nan da na faɗa wa Maman uku, wasu sun ɓalle sun faɗa cikin bututun da ba nasu ba, duk kika sunkuya sai su gangara su tada ruwan. Ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Korle Bu ko asibitin da ya fi miki kusa, in shi ne akwai wata dabara da ake kira Epley, a kwantar da ke a juya kanki mataki-mataki su koma mazauninsu, 'yan mintuna ne kuma babu allura. Kafin nan ki tashi daga sujada a hankali, kar ki hau kujera ɗauko kaya. Amma in akwai ciwon kai mai tsanani ko ciwon wuya, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, kar ki jira gari ya waye, a kira 112 ko a sa ki a tasi yanzun nan.